Ka ɗaga mota, ka sa manyan tayu, yanzu ba ta ja: ga yadda ake dawo mata da ƙarfi

Mota ta tashi sama, an sa mata tayu masu manyan haƙora, an ɗaura bambar ƙarfe da winci a gaba, keriya a bisa, safaya biyu a baya, duk inda ta gitta cikin Birnin Kebbi sai an waiwaya. Amma mai ita shi kaɗai ya san abin da ke cin shi, don tun ranar da anka gama wanga aiki motar ta yi sanyi, giya ta biyar ta zama ado, ɗan hawa kaɗan sai ka dawo ta uku, ga shan mai, ga allurar zafi tana leƙen sama. Daga nan sai masu shawarar kyauta su taso, wani ya ce a buɗe mata mai, wani ya ce a yanke salansa, wani ya ce haba Alhaji turbo kawai za ka ɗaura ka huta.

Ni dai abin da zan gaya maka, yawancin ƙarfin da kake nema bai ɓace cikin inji ba, kai ka binne shi da hannunka ƙarƙashin taya da lodi da zafi. Tono wanda ka binne tukuna, sannan a yi maganar ƙari.

Kuma ka san wane irin ƙarfi kake so. Mai shiga fadamar Argungu ko Suru kwasar shinkafa, ko mai bin hanyoyin ƙauyukan Bagudo da damina, ko mai hawan duwatsun ƙasar Zuru, san huɗa yake buƙata ba dokin sukuwa ba, wato mota mai ja tun inji yana ƙasa-ƙasa, ba wadda sai ta yi ihu sannan ta motsa ba. Dubi injin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida lita 4.2, ƙarfin dokinshi wajen 130 ne kawai, amma ƙarfin murɗawarshi 285 Nm yana fitowa tun wajen juyi 2,200 a minti. Shi ko 2TR na Hilux mai fetur lita 2.7 ya fi shi doki a takarda, wajen 160, amma murɗawarshi wajen 240 Nm ce kuma sai ka kai shi juyi 3,800 take cika. Shi ya sa cikin taɓo da lodi tsohon 1HZ ke fita a natse mai fetur yana can yana ƙona kuloci.

Kafin ka taɓa komai ka yi awo. Kunne maƙaryaci ne, mota in ta ƙara ƙara sai ka rantse ta ƙara gudu. Nemi wani miƙaƙƙen wuri a kwalta inda ba jama'a ba dabbobi, in da ɗan hawa ya fi, ka sa giya ta uku, ka taka totur har ƙasa daga 40 zuwa 80, wani yana gefenka da agogon waya. Rubuta sakan nawa. Duk gyaran da anka yi ka koma wuri guda, lodi guda, kusan lokaci guda na yini, ka sake. Kuma gyara ɗaya-ɗaya, in ka canza abu huɗu rana guda ba ka sanin wane ya yi aiki wane ya ci kuɗinka banza.

Sai lafiyar injin kanshi. Inji yana ɗumi yana aiki a tsaye, sassauta murfin baƙin mai ka aje shi bisa bakin. In yana ɗan rawa kaɗan ba komai, in ko hayaƙi na tunkuɗo shi yana bugawa fuf fuf, to ringi sun tafi, kuma duk abin da ka ƙara ma wanga inji ajalinshi kake matsowa da shi. Wanda ya fi tabbas a sa gejin kompireshon. A littafin kamfani 1HZ mai lafiya yana ba da 37 kg/cm² ko sama, in ya sauka ƙasa da 27 aikin buɗewa ne, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kar ya wuce 5. A cire nozul a kai ma masu famfo su gwada bisa injin gwaji ka gani da idonka, mai kyau feshi yake yi kamar hazo ya yanke tsaf, marar kyau ɗiga yake ko ya tsarto. A duba tayimin ɗin famfo, a duba tazarar bawul, bel ɗin tayimin in ba ka san ranar da anka sa shi ba ka canza, ka'idarshi kilomita 100,000 kuma in ya tsinke bawul da fistin ke gaisawa.

Akwai ƙananan ɓarayi da ba a kula su. Wayar totur da ta saki, kana takawa har ƙasa amma can wajen famfo bai kai ƙarshe ba, sa yaro ya taka kai ka leƙa. Tabarmar roba da ta naɗe ƙarƙashin totur ma tana yin haka, kar ka yi dariya. Birki mai kamawa, musamman na baya bayan an sha taɓo: bayan tafiya taɓa kowane rim da bayan hannu, wanda ya fi sauran zafi shi ne ɓarawon. Filtar mai da ta toshe. Sai shi man gas ɗin, wanda ka saya hannun 'yan bumburutu a jarka zuba kaɗan a farar kwalba ka bar shi ya kwana, da safe ruwa da dauɗa suna ƙasa kana kallo, in kuma an sirka da kananzir famfonka ne zai biya don kananzir ba shi da santsin da famfo ke buƙata.

Nauyi kuma ba sai an daɗe a kai ba. Bambar ƙarfe da winci kaɗai sun kai nauyin ƙaton mutum, kowace jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ga keriya, ga safaya ta biyu, ga kejin ƙarfe da mai walda ya yi da fayif mai kauri don kar a ce ya yi ha'inci. Abin da ba ka taɓa amfani da shi ba tun bara sauke shi. Keriyar sama ko ba kaya tana kama iska a kwalta.

Yanzu ga inda maganar take, taya da haƙoran aksul, kuma nan ne mutanenmu ba su son kashe kuɗi don abu ne da ba a gani daga waje. Tayar da yawancin motocin nan ke zuwa da ita tsayinta wajen inci 31 ne. Ka cire ka sa inci 35, taya ta ƙaru da kusan kashi 13 cikin 100, ma'ana ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da wajen kashi 11, a kowace giya, har da ribas. Inci 33 kuma wajen kashi 6 kake asara. Ba a ma yi maganar nauyin tayar ba, mai haƙora inci 35 tana haura kilo 30 ban da rim, kuma nauyi ne da inji zai juya ba ɗauka kawai ba. To ka ga mutum ya zubar da kashi 11 ta ƙasa, ya koma yana matsa ma inji ya biya ta sama.

Maganinshi a canza kiraun wil da finiyon, wato manyan haƙoran da ke cikin tulun aksul. Lissafin ba wuya: lambar haƙoranka na yanzu, sau tsayin sabuwar taya, raba da tsayin tsohuwa. Mai 4.10 da ya tashi daga 31 zuwa 35 zai samu 4.63, ke nan 4.56 ta kusa maida shi yadda kamfani ya yi, in ko motar kullum cikin lodi da daji take ni 4.88 zan ce ya sa, ya haƙura da ɗan ƙarin juyin inji a kwalta. Mai 4.30 kai tsaye 4.88. In ba ka san lambarka ba, ɗaga tayun baya duka biyu a kan jek da waigi mai kyau, giya a furi, sa alli a taya sa alli a farfela, mutum biyu su juya tayun tare zagaye ɗaya cif kai kana ƙirga juyin farfela. Huɗu da ɗan ɗigo 4.10 ke nan, huɗu da kusan sulusi 4.30, huɗu da rabi da ɗoriya 4.56.

Abu biyu a nan da ba a wasa da su. Gaba da baya dole lamba guda, in ka canza baya ka bar gaba, ranar da ka sa ogzilari, wato giyar da ke sa tayu huɗu su ja tare, aksul biyu za su yi ta kokawa da juna har wani abu ya fashe. Na biyu ɗaurin, ba kowane bakanike ke iya shi ba ko da ya iya inji. Wanda ya iya za ka ga ya shafa ma haƙoran wani fenti, ya juya, ya duba inda sunka taɓa juna, in shaidar ta fito tsakiyar haƙori ya yi, in ta koma baki ko gindi ya sake kwancewa ya canza shim, kuma yana auna ɗan wasan da ke tsakaninsu da geji mai allura ba da hannu ba. Wanda ya ɗaura da ido kawai, sati biyu aksul zai fara kuka. Bayan an gama ka lallaɓa ta kamar kilomita 800 ba lodi mai nauyi ba dogon gudu, sannan a zubar da man aksul a sa sabo. Kayan kuwa in ba a samu a Sakkwato ba akwai Ƙofar Ruwa a Kano, akwai Panteka a Kaduna, akwai Ladipo a Legas, sai dai ka tabbatar kiraun wil da finiyon 'yan gida ɗaya ne, tare anka yi su, ba a auro ɗaya daga wata mota ba.

In kuɗin wanga aiki ya fi ƙarfinka, gaskiya mai ɗaci ita ce ka sauko zuwa inci 33 ko ma ka koma 7.50R16 siririya doguwa, wadda tun da can ita ke aikin daji a ƙasar nan kuma kowane mai faci ya san ta.

Wani abu da manyan tayu ke yi a ɓoye, suna sa mita ƙarya. Da inci 35 in allura ta nuna 100 kana wajen 113, kuma in mita ta ce ka yi kilomita 5,000 ka haura 5,600, ke nan kullum sabis ɗinka a makare yake ba ka sani ba.

Sai numfashi. Inji iska yake ci fiye da mai, kuma mu nan abu biyu ke yaƙarmu, ƙura da zafi. Daga Maris zuwa Mayu da rana ta haura digiri 40, iskar kanta ta yi shara-shara, tsakanin digiri 25 da 43 kusan kashi 6 cikin 100 na kaurin iskar ya tafi, shi ya sa motar da ke tashi da asuba take kasala da azahar. Da hunturu kuma filtar iska kwana kaɗan ta cika. Cire filtar, shiga inuwa, sa tocilan ta ciki ka duba ta waje, in haske bai ratsowa ta toshe, in kuma ka ga ɗigon haske mai ƙarfi wuri guda ta huje, jefar. Sannan sa yatsa cikin bututun da ke bayan filtar, wanda ke tafiya inji, ka shafo. In yatsa ya fito da gari-gari ja, to ƙura na wucewa ta wani wuri, ko robar bakin filtar ko wani kilif da ya saki, kuma wagga ƙura ita ke cinye ringi. Al'adar kai filta wajen mai faci ya hura ta da iska mai ƙarfi tana yaga takardar, a bubbuga ta a hankali, in ta gaji a saya sabuwa ta kirki. Filtar soso da ake tallatawa wai ta 'yan tsere, ba da ƙurar Kamba anka yi ta ba, bar musu kayansu.

Bututun iskan nan da ake hawarwa gefen gilashi, sinokel, ba ya ƙara doki ko ɗaya, amma yana ɗebo iska daga sama inda ƙura ba ta kai ta cikin mudgad ba, kuma yana ceton inji wajen ƙetare ruwa, don inji in ya shaƙi ruwa konrod ke lanƙwashewa nan take. In kuna tafiya a jere bayan wasu motoci, a sa mishi kan nan mai kwano da ke tara ƙura. Sai dai a toshe duk mahaɗa da kyau, sinokel mai yoyo kwalliya ce.

Salansa: yankewa ƙara kawai take ƙarawa. Fayif inci 2.5 mai lanƙwasa a hankali ya ishi 1HZ marar turbo, inci 3 sai mai turbo. In ka sa ma ƙaramin injin fetur ƙaton fayif ƙarfin ƙasan ma da kake nema shi zai ragu. A dai duba ko fayif ya maƙure inda ya taɓa bugun dutse.

Ruwa kuwa sai an gyara shi kafin a ƙara ma inji ko ƙwayar doki, don duk ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne. Leƙa gaban lagireto, winci da manyan fitilu sun tare rabin iska, sauran rabin kuma ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa da busasshen taɓo sun cike tsakanin lagireto da kondensar AC. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. Fankar da ke da kuloci mai man silikon, inji na da zafi ka kashe ka juya ta da hannu, in ta yi ta juyawa sakayau man ya ƙare, ana sake zuba mata ko a canza. Ruwan rijiya da na bohol suna barin farin gishiri cikin lagireto, a sa kulan. Sai tamostat, wanda kusan duk motar da ta shigo ƙasar nan abu na farko da ake cire mata ke nan wai na ƙasar sanyi ne. A injunan Toyota da yawa tamostat in ya buɗe shi ke rufe wata gajeruwar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba, in ka cire shi wagga hanya a buɗe take har abada, gyaran gangar Auzinawa ke nan. A maida shi. Kuma kar ka yarda da allurar zafi ta dashbod ɗari bisa ɗari, tana zama tsakiya ta yi shiru har sai abu ya yi nisa, geji mai nuna lamba ba shi da tsada.

To yanzu mu zo kan buɗe mai. Na tsaya a wani gareji ana yi ma wata Land Cruiser, bakanike ya fasa hatimin da ke kan sukurun bayan famfo, ya sa sifana ya sassauta noti, ya murɗa kusan zagaye guda, ya ɗago ya ce "Alhaji taka ka ji." Alhaji ya taka, baƙin hayaƙi ya turnuƙe har teburin mai shayi, yaran gareji na tafi, mai mota na murmushi yana cewa "Yanzu kam ta hwarka." Wanga baƙin hayaƙi gas ne da bai ƙone ba, kuɗinka ne ke fita ta salansa, kuma a injin gas ƙarin mai ba tare da ƙarin iska ba wuta yake ƙarawa bisa kan fistin. Motar za ta ɗan ja kam, ba musu, amma ranar da ta ɗauko lodi ta kama dogon hawa da rana tsaka zafin cikin silinda zai wuce misali, allurar ruwa kuma ba ta nuna wanga zafi sai ɓarna ta auku.

Abin da ke nuna shi gejin zafin hayaƙi ne, EGT, ɗan ƙarfe ake hudawa a dasa a manifol ɗin salansa a jawo waya zuwa gaban direba. Shi za ka fara saye kafin kowa ya taɓa famfo. In an dasa shi a manifol kafin turbo, kar ka bari ya zauna sama da digiri 700, in bayan turbo ne ka tsaya wajen 550 don can hayaƙin ya riga ya huce. Da geji a gabanka sai a murɗa sukurun kaɗan-kaɗan, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a sa lodi a hau hawa a duba, a dawo. Ɗan hayaƙi mai shara-shara lokacin da ka taka ba laifi, baƙi mai tsayawa an wuce wuri. In anka zarce da murɗawa ma inji na iya tashi da kanshi ya ƙi sauka. A hanya kuwa in ka ga lamba na hawa, sauko giya ɗaya ka ɗan ɗaga ƙafa, nan da nan za ta faɗi.

Turbo, wato fankar da hayaƙin salansa ke juyawa ta cusa ma inji ƙarin iska, a kan 1HZ ana yi kuma yana aiki, ƙarin kamar kashi 30 cikin 100 ba abin mamaki ba ne, amma ka san kamfani bai gina shi don haka ba. Matsinshi, wato yawan matse iskar da fistin ke yi, ninki 22.4 ne, sama ƙwarai, kuma mai ba kai tsaye yake shiga kan fistin ba, akwai wasu ƙananan kofuna cikin tof silinda inda wuta ke fara kamawa, su ne ke tsagewa in zafi ya yi yawa. Ɗan'uwanshi 1HD-T da kamfani ya yi ma turbo tun 1990 matsinshi 18.6 ne da fistin na daban. Don haka in za ka ɗaura, iskar turbo ta tsaya tsakanin psi 7 da 10, a sa intakula don ta huce iskar, a saita famfo da geji, baƙin mai 15W-40 na injin gas duk kilomita 5,000 na gaskiya ba na mitar ƙarya ba, kuma in ka taso daga doguwar tafiya ka bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin ka kashe. Duk wanda ya ce maka zai kai ta psi 15 a kan fistin na asali, tambaye shi ko shi zai saya maka wani injin. Turbo ɗan Beljiyam kuma kama sandar tsakiya ka girgiza, in fanka na taɓa bango ko akwai mai jage-jage bar shi nan.

Wani lokaci in ka haɗa kuɗin turbo da intakula da fayif da aikin famfo sai ka ga ya kusa kuɗin ɗauko 1HD gaba ɗaya, wanda ke ba da doki wajen 165 ba tare da an matsa mishi ba. In 1HD-T na farko-farko ne a canza metal ɗin konrod kafin a ɗaura, an san su da wanga rauni. 1HD-FTE na 1998 ya fi ƙarfi amma da birenbos yake aiki, wato kwamfutar inji, sai kana da mai wayarin da ya san abin da yake yi. Abin da 1HZ ya fi su shi ne kayanshi ko'ina akwai tunda har bas ɗin Coaster shi take amfani da shi.

Masu Hilux na gas na zamani, 2KD da 1KD da kuma 1GD da ya fito 2015, naku ba sukuru ba ne, kwamfuta ce. Ana sake rubuta ma birenbos lissafi a samu ƙari mai kyau tunda turbo na nan tun asali, amma kafin nan a sa na'ura a karanta lafiyar injekta, don injekta mai zubar da mai a 1KD tana fasa fistin, kuma washar da ke ƙarƙashinta in ta yi yoyo dauɗa ke toshe rariyar famfon baƙin mai. A wanke manifol ɗin iska da baƙin EGR, wato bawul mai maida wani hayaƙi cikin inji, ya cushe, a duba ɗan bawul ɗin SCV da ke jikin famfo, shi kaɗai yana sa mota ta mutu a hawa. Waɗannan injuna mai na tafiya cikinsu da matsi mai yawa ƙwarai, ɗigon ruwa kaɗan ya ishe su, don haka ƙarin filta mai raba ruwa ta fi maka kowane ƙarin doki. Ɗan akwatin da ake saye a intanet a soka a waya, yawancinsu ƙarya suke ma birenbos don ta ƙara matsin mai, ni ba na sa shi a motata. Wanda zai taɓa maka birenbos ya aje maka kwafin lissafin asali.

Mai fetur marar turbo, 2TR ko 3RZ ko tsohon 22R mai kafireta, kar ka sa rai da yawa. Fulogi na asali, a wanke sensar iska da maƙogwaron totur, a duba famfon mai, a duba ko katalis ɗin salansa ya toshe, a saita kafireta da tayimin, abin da za ka samu ke nan, sauran duk yana wajen haƙoran aksul. In bai ishe ka ba sai dai V6, 1GR lita 4.0. Waɗanda sunka koma CNG tun bayan cire tallafin mai a 2023 kuma su sani iskar gas na rage ja kaɗan ga tukunyar da nauyi, in an zo taɓo ko hawa da lodi a juya zuwa fetur.

Cikin daji ma sau da yawa ba ƙarfi ne ya gaza ba, riƙo ne. Kulle hob ɗin gaba tun kafin ka shiga, sa ƙaramar ogzilari, ita kaɗai tana ninka ƙarfin ja sau biyu zuwa biyu da rabi, kyauta. A rairayi sauke iskar taya zuwa psi 18 ko 20 ka ga yadda mota ke tashi bisa yashi maimakon tona rami, amma ka tanadi famfo ka maida iska kafin kwalta, kuma mai taya da tub kar ya sauke da yawa. Taya ɗaya na juyawa a banza ɗaya na tsaye, wannan aikin makullin aksul ne, ko doki 300 gare ka nan za ka kwana.

Duk ƙarfin da ka ƙara kuma ta kuloci zai bi, na asali zai fara silɓewa a giya ta huɗu da ta biyar, a sa mai ƙarfi tun ana aikin. Land Cruiser masu 1HZ daga 1999 da yawa giyabos R151 gare su, bai kai na manyan ƙarfi ba, kar ka ja lodi mai nauyi a giya ta biyar. Mai otomatik ya ƙara ma man giya kula ta daban. Mahaɗan aksul na gaba suna fashewa ne in ka karya sitiyari har ƙarshe ka taka da ƙarfi, musamman a ribas da manyan tayu. Birki kuma ka tuna kamfani ya auna shi ne da ƙaramar taya da motar da ba ta kai wagga nauyi ba, a sa fad mai kyau, a canza man birki, kuma motar da anka ɗaga a sake saita bawul ɗin nan na baya mai auna lodi, don ɗagawar tana sa shi ɗauka motar ba kaya sai ya rage ma tayun baya birki. In ka canza inji gaba ɗaya, karɓi rasit mai lambar injin daga hannun mai sayarwa, ka je ofishin lasin a gyara takardun mota kafin ka kama hanyar Jega zuwa Yauri da ita.